Ciyaman da Malama Jan Biro

Shekara ashirin da shida Malama ta yi tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganinta ba jan biro a hannu. Ɗalibai suka laƙaba mata Malama Jan Biro a ɓoye, a zatonsu ba ta sani ba. Ta sani sarai, sunan ma yana mata daɗi. In ta tsaya a bakin aji ta yi gyaran murya sau ɗaya, 'yan mata hamsin sai su yi tsit har a ji juyin fanka.

Ciwon ya fara mata ne kamar wasa, ɗan tsami a ƙugu in ta daɗe a tsaye gaban allo. Daga nan ya gangara ƙafar hagu, ya sami wuri ya zauna. Aka yi hoto, aka sake hoto, aka yi allura a baya, aka canza magani har ta daina riƙe sunayensu. Likitoci suka ce jijiya ce, za a iya lallaɓa ta, amma ba su yi alkawarin za ta tafi ba. A shekara ta uku Malama ta ajiye aiki. A shekara ta shida duniyarta ta koma ɗaki biyu da falo a saman bene, da matakala goma sha tara da ke tsakaninta da titi. Ba ta sauka sai ranar asibiti. Tana wuni a kujerar da ke jikin taga da jaridar jiya a cinya, tana gyara wa 'yan jarida kurakuransu.

A ƙasan benen shagon mijinta yake, inda yake gyaran agogo. Mutum ne mai sanƙo da sanyin hali, wanda ya yarda cewa duk abin da ya tsaya, akwai ɗan ƙarfen da za a taɓa ya ci gaba da tafiya. Ciwon matarsa ne kaɗai ya gagare shi, shi kuma bai haƙura ba. Ya sayo bel na ɗaure ƙugu, da matashi mai rami a tsakiya, da robar ruwan zafi har guda uku. Duk sa'ar da agogunan shagon suka buga, sai ya ajiye aiki ya hauro ya leƙo.

"Malama, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Bayan awa guda ya sake leƙowa.

"Yaya jikin yanzu?"

"Da sauƙi, Baban yara."

'Ya'yansu biyu sun yi aure suna nesa, su ma in sun bugo waya tambayar ke nan, amsar ke nan. Ba ta tuna ranar ƙarshe da wani ya tambaye ta ra'ayinta a kan wani abu da ba jikinta ba.

Wata Alhamis likitar gashin ƙashi, wata 'yar siririya mai saurin magana da ta taɓa zama a ajin Malama, ta gama murza mata baya ta miƙo mata takarda.

"Malama, akwai wani wuri a bayan gari da nake so ki je. Mata ne masu ciwo irin naki, za ku riƙa haɗuwa duk Talata, mako goma. Da dawaki ake yi."

"Da me?"

"Dawaki, Malama."

"Ke, kujera ma da kyar take ɗaukata, doki za ki ɗora ni?"

"Ba hawa ake yi ba. Shafa su ake yi, a taje su, a ja su a yi tafiya. Ba zai warkar da jijiyar ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma rabon da in ga kin yi dariya tun ina aji uku, ranar da alli ya karye miki a hannu."

"Ranar ma ba dariya na yi ba."

"To ki je dai sau ɗaya. In bai yi miki ba, ki ba ni sifili."

A gida Malama ta ce wa mijinta an ƙara mata gashi na musamman duk Talata, kuma ba a shiga da ɗan rakiya. Ta san in ta faɗi gaskiya zai rufe shago ya bi ta da robar ruwan zafi, ya kuma tambayi dokin ko an ga sauƙi. Ban da haka tana jin kunya. Mace mai shekara hamsin da huɗu, a ce wasa da doki take zuwa.

Tasi ta ajiye ta a bakin wata ƙofar katako. Ciki fili ne mai yashi da shinge, da barga mai ɗaki huɗu, da rumfa da aka jera wa kujerun roba. Mai wurin mace ce doguwa mai takalmin roba har gwiwa, tsohuwar nas ce da ta koyi wannan aikin bayan ta bar asibiti. Mai Dawaki kowa ke ce mata. Ta tari Malama, ta nuna wata baƙar dabba da ke leƙowa ta ƙofar barga.

"Ga godiya."

"Ai ban yi miki komai ba tukuna," in ji Malama.

"Macen dokin nake nufi."

Wata mata mai jiki da ke zaune a rumfa ta tuntsire da dariya har ta dafe kafaɗa tana cije baki. Mai Kitso ce. Shekara talatin tana sunkuye a kan kawunan mutane, har wuyanta da kafaɗarta suka yi mata yaji. Kusa da ita wata yarinya ce siririya mai manyan idanu, ɗalibar jami'a mai ciwon sikila, wadda ba ta cika magana ba. 'Yar Jami'a suke ce mata. Su ukun ne ajin.

Mai Dawaki ta shigar da su filin, ta ce kowa ta tsaya inda take so, dawakin ne za su zaɓa. Godiyar ta nufi 'Yar Jami'a. Wani ja mai rawar kai ya nufi Mai Kitso. Aka bar Malama da wani tsohon farin doki mai tumbi, wanda bai ma ɗago kai daga ciyawa ba.

"Wannan Ciyaman ne," in ji Mai Dawaki.

"Ciyaman na me?"

"Na barga. Shi ke fara ci, shi ke ƙarshen tashi, kuma ba a taɓa ganin aikin da ya yi ba."

Aikin ranar mai sauƙi ne: a riƙe igiyar ragama, a kai doki ƙarshen fili a dawo. Malama ta kama igiyar kamar yadda take kama rajista. Ta yi gyaran murya. Ciyaman ya ci gaba da tauna.

"Mu je."

Ya kaɗa wutsiya.

"Da kai nake. Tashi mu je."

Ta ja, ya tsaya kamar an dasa shi. Ta fito da muryar da take ajiye wa 'yan bayan aji, wadda ta taɓa sa mataimakin shugaban makaranta ya miƙe tsaye ba shiri. Ciyaman ya dube ta da ido ɗaya, ya wage baki ya yi hamma mai tsawo, haƙoransa masu tsatsa duk a waje.

"Yaya, ki bar shi," in ji Mai Kitso daga can. "Yana mitin ne."

Mai Dawaki ta matso a hankali. "Malama, yaya kike ji a jikinki yanzu?"

"Lafiyata lau."

"Tun da kika shigo kafaɗunki suna wajen kunnuwanki, numfashi ma rabi-rabi kike yi. Doki dabba ce da ake farauta a daji, shi ya sa yake karanta jiki fiye da magana. In ya ga mutum a ɗaure, sai ya ɗauka akwai abin tsoro a kusa, ba zai bi shi ba."

"Na ce miki lafiyata lau."

Ciyaman ya juya a hankali ya ba ta baya, ya ɗaga wutsiya, ya ajiye mata amsarsa a kan yashi. A tasi, a hanyar gida, Malama ta ciro takardar likitar ta zana mata ƙaton sifili. Amma Talata ta gaba ta koma, don a shekara ashirin da shida ba ɗalibar da ta taɓa yi mata hamma ta kwana lafiya.

Ta zo da shiri. Ta ɗebo karas daga firij ta cika jaka. Ciyaman ya karɓa da ladabi, ya cinye guda shida, bai matsa ko taku ɗaya ba. Mai Kitso ta ce ai haka ciyamomi suke, a ci a ce za a duba. Mai Dawaki ta karɓe igiyar ta ba Malama burushi, ta ce yau ba inda za a je, ta taje shi kawai, daga wuya zuwa baya, duk shafa ɗaya numfashi ɗaya.

Malama ta fara da ƙirgawa, don ba ta iya yin abu ba lissafi. Wajen arba'in lissafin ya ɓace mata. Jikinsa ɗumi gare shi kamar bangon da rana ta daka, cikinsa na tashi yana sauka a hankali. Ƙura da farin gashi suna bin burushin. Leɓensa na ƙasa ya saki ya yi reto, idonsa ya lumshe. Ƙafarta na nan tana mata zugi kamar kullum, amma da Mai Dawaki ta ce lokaci ya yi, sai ta ga minti arba'in sun wuce ba ta duba agogo ba.

A rumfa, bayan an gama, sukan zauna su sha shayi. Mai Kitso ta riga ta yi wa jan dokinta kitso a geza, ƙanana guda goma sha biyu, ta ce shi ne kwastoman farko da bai ce ta ja masa da zafi ba. Suka shiga gasar magungunan da mutane suka taɓa kawo musu. Mai Kitso ta ce surukarta ta ce ta riƙa kwana a kan ƙofa, aka ciro ƙofar kicin aka shimfiɗa mata, wata guda kicin ba ƙofa. 'Yar Jami'a ta ce a hankali, wani malaminsu ya ce mata in ta daina tunanin ciwon, zai tafi.

"Me kika ce masa?" in ji Malama.

"Na ce na gode."

"Ki ba ni sunansa."

Yarinyar ta yi dariya tana rufe baki da mayafi. Malama ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, kamar tari amma ba tari ba. Sai daga baya ta gane dariya ce ke neman hanya.

A gida mijinta, Mai Agogo, ya lura karas na ƙarewa da sauri. Ya yi murna, don ya taɓa karantawa cewa yana da amfani ga jijiya. Ya fara sayowa da yawa, yana wankewa da kansa yana jerawa a firij. Ya kuma lura da wasu abubuwan. Malama ta fara guga mayafinta tun ranar Litinin. Tana sauka matakala ranar Talata ba ta jira ya riƙe ta ba. Tana dawowa da wani ƙamshi da bai san shi ba, ba na asibiti ba.

Wata Laraba da hantsi ya hauro da robar ruwan zafi, sai ya ji ta tana waya a falo. Da Mai Kitso take magana, amma shi bai san da wata Mai Kitso ba. Ya tsaya a matakala ta goma sha bakwai.

"Ke dai bari, jiya Ciyaman ya ɗora kansa a kafaɗata. Da kansa, ban ce masa komai ba." Ta yi shiru tana saurare, sannan ta yi dariya. "Ya tsufa mana, ga tumbi. Amma idonsa, ke kin taɓa kallon idonsa da kyau? Kuma abin da na fi so, ba ya tambayata komai."

Mai Agogo ya juya ya sauka da robarsa. Da yamma, yana ninke kayan wanki, ya ga dogon farin gashi a mayafinta, har guda uku. Ya shafa kansa, wanda rabonsa da gashi shekara goma sha biyar. Ya kai gashin shago ya duba shi da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Kauri gare shi kamar waya. Ya ce a ransa, wannan mutum ne mai cin abinci mai kyau.

Bai ce mata komai ba. Sai dai ya daina haurowa. Agoguna su buga, ba a ji takunsa a matakala ba. Kwana biyu Malama ta ji daɗin shirun, ta ɗauka a ƙarshe ya gaji. A rana ta uku ta kama kanta tana kasa kunne in ƙarfe ya buga.

Talata ta shida ta zo mata da mummunan tashi. Tun kafin ta buɗe ido ta san irin ranar ce. Ƙafar kamar an zura mata waya mai zafi daga ƙugu zuwa diddige. Minti ashirin ta yi tana sauka matakala, tana hutawa a kowace ta uku. Mijinta na bakin shago yana kallonta.

"Malama, yau ma sai kin je?"

"Sai na je."

"Da muhimmanci ke nan."

"Da muhimmanci."

Ya tsayar mata da tasi, ya rufe mata ƙofa a hankali. Tana shan kwana ya kulle shago, ya haura ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya fito da babur ɗinsa ya bi bayanta. Don sauri ya manta gilashin gyaran agogo a goshinsa.

Da Malama ta isa, ko burushi ta kasa riƙewa. Mai Dawaki ba ta tambaye ta komai ba. Ta ɗauko kujerar roba ta ajiye a tsakiyar fili, ta zaunar da ita, ta ce wa sauran su ci gaba da aikinsu. Ciyaman na can kusurwa yana cin ciyawa. Malama ta zauna a karkace, hannu biyu a kan gwiwa, tana kallon yashi. Ta yi niyyar ta ce da sauƙi, sai ta ga ba wanda ya tambaye ta.

"Yau ciwo nake ji," ta ce, ba da kowa ba. "Sosai nake ji. Na gaji."

Mai Kitso ta daina taje dokinta. Ba ta matso ba, ta dai tsaya.

"Shekara shida kullum da sauƙi, da sauƙi. Ba sauƙin komai. In na faɗa masa gaskiya fuskarsa za ta faɗi, ya tafi ya sayo wani matashin. In na faɗa wa yara su kasa aiki. To sai in ce da sauƙi, kowa ya huta. Ni da nake tsayawa awa shida gaban allo, yanzu ina lissafin taku nawa ne zuwa banɗaki."

Hawayen suka zo, ba ta tare su ba. Kafaɗunta suka sauko. Tana cikin haka ta ji takun kofato a yashi, a hankali, irin na wanda ba ya sauri don kowa. Ciyaman ya zo ya tsaya a gefenta. Ya shinshina jakarta tukuna, don hali ba ya ɓuya, ya ga ba karas. Duk da haka bai tafi ba. Ya sauke kansa har hancinsa ya taɓa kafaɗarta, ya huro mata iska mai ɗumi a wuya. Ta jingina goshinta da kuncinsa, suka zauna haka.

A daidai lokacin Mai Agogo yana bakin shinge. Ya iso tun ɗazu, ya jingine babur, ya tari Mai Dawaki da fuskar da ya yi ta shiryawa a hanya.

"Salamu alaikum. Ciyaman nake nema. Ki ce masa mijin Malama ne."

Mai Dawaki ta dubi rigar taron, ta dubi gilashin da ke goshinsa, ta nuna masa da haɓa.

"Ga shi can."

"Ina? Bayan dokin?"

"Dokin."

Yana tsaye a nan ne Malama ta fara maganarta, ya ji duka, tun daga ciwon har zuwa matashin. Ya tsaya riƙe da katakon shinge, bai san ko ya shiga ba ko ya koma. Mai Kitso ce ta fara ganinsa.

"Yaya, ga wani bawan Allah da ido uku yana kallonki."

Malama ta ɗago, fuska duk hawaye da farin gashi. "Baban yara? Wa ke shago?"

"Na rufe."

"Me ya kawo ka?"

Ya yi ta murza makullin babur. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, ko a kan agogon da ba zai gyaru ba. "Na ji ki a waya ran nan. Kin ce Ciyaman ya ɗora kai a kafaɗarki. Na kuma ga gashi a mayafi."

Mai Kitso ce ta fara fashewa da dariya, ta zube a kan bokitin dusa tana dafe da kafaɗa, tana cewa a taimake ta wuyanta zai cire. 'Yar Jami'a ta ɓoye fuska a gezar godiyarta, jikinta na girgiza. Malama ta dubi mijinta, ta dubi tumbin Ciyaman, sai dariyar ta ƙwace mata gaba ɗaya. Kowace dariya tana soka mata ƙugu, ta ce wash, ta ci gaba.

"Shekara talatin da ɗaya da aure," ta ce tana share ido, "sai yanzu da ƙafa ɗaya da rabi zan fara yawon banza?"

"Ai kin fara guga tun Litinin."

"Shigo ku gaisa."

"Daga nan ma ina ganinsa."

A nan aka gano Mai Agogo tsoron doki yake yi. Mai Dawaki ta buɗe masa ƙofa, ya shigo yana bin jikin shinge. Ciyaman ya je ya shinshina shi daga kafaɗa zuwa aljihu, ya ja baya, ya yi atishawa mai ƙarfi a gaban rigar taron.

"Ya amince da kai," in ji Mai Dawaki.

"Na gode," in ji Mai Agogo, yana tsaye ƙiƙam, bai goge ba.

Malama ba za ta iya hawa babur ba, don haka ya bar shi a wurin, suka shiga tasi tare. Suka yi nisa a hanya. Sai ya cire gilashin daga goshinsa, ya dube shi kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba, ya sa a aljihu.

"Malama, ashe ba sauƙi."

"Wata rana akwai, wata rana babu."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Don za ka so ka gyara. Wannan kuma ba ya gyaruwa, Baban yara. Ba sai ka yi komai ba. Ka zo ka zauna kawai, ka ba ni labarin wanda ya kawo agogon kakansa yana so a mai da shi sabo."

Ya dubi titi. "To tambayar fa? In daina?"

"Sau ɗaya a rana. Ni kuma zan ba ka gaskiya, maki bisa goma."

"Yau nawa?"

"Tara."

Ta ga hannunsa ya motsa, ta san kantin magani yake tunani. Ya mai da hannun kan gwiwa.

"Tara," ya ce. "To. Karas ɗin kuma duk shi na yi ta wanke wa?"

"Duk shi."

A mako na takwas Ciyaman ya bi ta. Ba ta ja igiya ba, ba ta yi gyaran murya ba. Ta gaya masa yau biyar ce bisa goma, don haka a hankali za su tafi, ta saki numfashi ta ɗaga ƙafa. Ya biyo ta. Suka je ƙarshen fili, ita tana ɗingishi shi yana jan tumbi, suka tsaya sau biyu, sau ɗaya don ita, sau ɗaya don ya ga wata ciyawa. Mai Kitso ta ce ba ta taɓa ganin tafiyar da ta kai wannan rashin sauri ba, amma ta tafa musu da hannu ɗaya.

Ciwon bai tafi ba. Akwai makon da ta kasa sauka ko kaɗan, akwai makon da 'Yar Jami'a ta kwanta asibiti kwana biyar, su biyun suka je duba ta suka cika ɗakin da surutu har nas ta leƙo. Da mako goma suka cika, Mai Dawaki ta ce ƙofa a buɗe take ga duk mai son zuwa taya ta taje dawaki, suka ci gaba da zuwa abinsu. Ranar Asabar kuma sai su haɗu a gidan Malama. 'Yar Jami'a na zuwa da littafinta na ƙididdiga, wanda ya kusa kayar da ita a jarrabawa, su baje a teburin falo. Mai Kitso kuwa ba ta hawa bene sai ta tsaya a shago ta gaida maigidan.

Wata Asabar ta same shi da kwastomomi biyu da ƙanensa da ya zo ziyara. Ya ga bakinta na motsi, ya yi sauri ya tare ta a bakin ƙofa.

"Don Allah, 'yar'uwa, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ƙanena ne wancan, in ya ji, dangi duka sun ji."

"Haba Yaya, ni da tonon asiri? Ko a shagona ban faɗa wa kowa ba sai mutum huɗu."

Ƙanen ya ɗago daga kan benci yana murmushi.

"Yaya, ba komai, matata na cikin huɗun. Ina so dai in ji daga bakinka, da gaske rigar taro ka sa?"

Mai Agogo ya maƙala gilashinsa a ido, ya sunkuya a kan agogon da ke gabansa, ya ce aiki ya yi masa yawa yau.